Wa Ke Cikin Farar Da'irar Lissitzky?

Takarda ce guda, tsawonta bai kai mita ba. Daga hagu wani jan alwatika ya taso da tsininsa, ya soki wata farar da'ira da ke zaune cikin baƙin fili a dama, ya nutse a cikinta. 'Yan gutsattsari sun tarwatse gefe da gefe. Sai kalmomi huɗu na Rashanci da aka jefa nan da can a karkace, ma'anarsu ita ce: ku doki Farare da jan tsini. Babu fuskar mutum, babu bindiga, babu ɗigon jini. El Lissitzky ne ya zana ta a garin Vitebsk tsakanin 1919 da 1920, lokacin da yaƙin basasar Rasha tsakanin gwamnatin 'yan kwaminis da Farare, wato masu adawa da juyin juya halin, ke kan ganiyarsa, sashen farfaganda na Jar Runduna, sojojin gwamnatin, a fagen daga na yamma kuma ya buga ta. Yau da wuya ka buɗe littafin koyar da zanen talla ko tsara shafi ba ka ci karo da ita ba. Ana buga ta a riguna da kofunan shayi, ana rataye ta a ofisoshin kamfanonin da, da a 1920 ne, masu su na sahun gaba cikin waɗanda ake cewa a doka.

Ni a ganina zanen nan gwaninta ne, ba na tantama. Amma yadda ake nuna shi yanzu akwai ha'inci a ciki. Umarnin kisa ne aka mayar kayan ado. Abin da ya sauƙaƙa hakan kuwa shi ne abin da ya ba zanen ƙarfinsa tun farko, wato ƙin nuna wanda za a kashe.

Sai an san yadda ake irin wannan bugu kafin a gane abin da aka nufa da shi. Bugun dutse ne, fasahar da wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya gano a 1796. Ana samun falalen dutsen farar ƙasa, a goge fuskarsa ta yi sumul, mai zane ya yi zanensa a kai da alli mai maiƙo. Daga nan a shafe dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa ɗan asid. Duk inda alli ya taɓa sai ya riƙe maiƙo, sauran wurin kuma ya zama mai shan ruwa. In an tashi bugu, a jiƙa dutsen, a mirgina masa tawada mai maiƙo. Tunda ruwa da mai ba sa haɗuwa, tawadar sai ta kama zanen kaɗai ta tsallake sauran. A shimfiɗa takarda, a matse, a ɗaga. Kowane launi da nasa dutsen, kuma tilas takardar ta sauka daidai wuri guda a kowane karo, in ba haka ba sai ka ga jan tsini ya kauce wa da'irar da aka aike shi ya soka. Ƙaron nan, af, shi ne dai wanda ake ɗiba a jikin ɗakwara a Sudan da Chadi da Yobe da Borno; maɗaba'un Turai sun daɗe suna dogaro da na yankin Sahel.

Amfanin wannan bugu shi ne arha da sauri da yawa. Fastar Lissitzky an yi ta ne don bangon tashar jirgin ƙasa da na bariki, a manna ta, ruwa ya dake ta, ta yage, a manna wata a kanta. Shi ya sa kwafin asali kaɗan ne suka tsira, da yawa daga cikin waɗanda ake gani a gidajen adana zane sabon bugu ne na 1966. Kayan yaƙi ce, kamar harsashi, an yi ta ne don a kashe ta a wurin aiki.

Kafin in ɗora wa mutumin laifi, ya kamata a ji daga inda ya fito, domin a nan ne nake tare da shi. An haifi Lazar Markovich Lissitzky a 1890 a Pochinok, wani ƙaramin gari kusa da Smolensk. Bayahude ne, kuma a daular Sarkin Rasha wannan kaɗai ya isa ya yanke maka inda za ka zauna da makarantar da za ka shiga. Yana yaro ya koyi zane a Vitebsk wurin Yehuda Pen, malamin da shahararren mai zane Marc Chagall ma ya zauna gabansa. A 1909 ya nemi gurbi a babbar makarantar zane ta St. Petersburg, aka hana shi saboda an ƙayyade adadin Yahudawan da ake ɗauka. Ya tafi Darmstadt a Jamus ya karanci tsara gine-gine, har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koro shi gida a 1914. A 1916 shi da abokinsa Issachar Ber Ryback suka bi garuruwan bakin kogin Dnieper suna kwafar zanen bangon tsoffin majami'un Yahudawa na katako, ciki har da ta Mogilev. Da aka tumɓuke sarki a 1917 aka ɗage takunkumin buga littattafai da haruffan Ibrananci, sai ya duƙufa wajen zana littattafan yara cikin harshen Yiddish.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Had Gadya, da aka buga a Kiev a 1919, shi ma bugun dutse ne mai launi. Tsohuwar waƙa ce da Yahudawa ke rerawa a daren idinsu na Ƙetarewa: uba ya sayi ɗan akuya, kyanwa ta cinye shi, kare ya ciji kyanwa, sanda ta doki kare, wuta ta ƙone sanda, ruwa ya kashe wuta, sa ya shanye ruwa, mahauci ya yanka sa, mutuwa ta ɗauki mahauci, a ƙarshe ikon Ubangiji ya kawar da mutuwar kanta. A shafin ƙarshe Lissitzky ya ɗora wa mutuwar kambi irin na sarakunan Rasha, ta faɗi warwas. Mutumin da ya zauna ya zana wannan sarƙa shafi bayan shafi ya san cewa mai duka shi ma akwai mai dukansa. Sai dai ya ɗauka juyin juya hali ne shafin ƙarshe, daga shi babu wani.

A shekarun da yake wannan aiki, daga 1918 zuwa 1921, an kashe dubun dubatar Yahudawa a Yukren da Belarus, gari bayan gari. Mafi yawan kisan ya faru ne a hannun dakarun Petliura, jagoran masu neman 'yancin Yukren, da 'yan bindiga masu cin gashin kansu, da sojojin Janar Denikin, ɗaya daga manyan jagororin Farare. Jar Runduna ma hannunta ba fes yake ba, wasu rukunanta sun yi irin wannan ta'asa, amma shugabanninta sun haramta ta a fili, Lenin ma ya yi jawabi na musamman a kanta a 1919. To, ka ɗauki matashi ɗan shekara 29 da tsohuwar gwamnati ta rufe wa ƙofar makaranta saboda addinin iyayensa, wanda kuma yake jin labarin abin da Farare ke yi wa danginsa in sun ci gari, ka ce masa ya tsaya tsakiya. Ban ga tsakiyar ba. Wanda ya zargi Lissitzky na 1920 don ya zaɓi ɓangare, daga inuwa yake magana.

Zuwansa Vitebsk ma labari ne. Chagall ne kwamishinan harkokin zane na yankin tun 1918, shi ya buɗe makarantar zane ta jama'a, shi ya gayyato Lissitzky a 1919 ya koyar da bugu da gine-gine. Lissitzky kuma ya jawo Kazimir Malevich, mutumin da a 1915 a Petrograd ya zana baƙin murabba'i a kan farin fili ya rataye shi can sama a kusurwar ɗaki, wurin da Kiristocin Rasha ke ajiye hotunan waliyyansu. Cikin 'yan watanni ɗalibai suka watse daga ajin Chagall suka koma wurin Malevich, suka kafa ƙungiyar UNOVIS, suna ɗinka ɗan baƙin murabba'i a hannun riga. A 1920 Chagall ya tattara ya bar garinsu na haihuwa. Wanda ya kira Lissitzky aiki ke nan, ya wayi gari babu masu sauraro. Ban ga alamar abin ya hana Lissitzky barci ba.

Malevich ya ce siffofinsa sun rabu da duniyar abubuwa, ba sa wakiltar doki ko gida ko mutum. Lissitzky ya ɗauki waɗannan siffofi ya sa musu kakin soja. Tunanin jan tsini ba nasa ba ne shi kaɗai, domin tun 1918 wani mai tsara gine-gine, Nikolai Kolli, ya kafa gunki a Mosko na jan tsini yana tsaga farin dutse. Abin da Lissitzky ya ƙara shi ne motsi. Kana kallon takardar kana jin tsinin bai gama shiga ba.

A nan ne nake so a tsaya a duba da kyau. Sauran fastocin Jar Runduna na wancan lokaci, irin na Dmitry Moor da Viktor Deni, suna zana abokin gaba da jikinsa: attajiri mai tumbi da doguwar hula yana rungume da buhun kuɗi, limamin coci mai gemu, janar mai lambobi a ƙirji. Zane ne mai cike da ƙiyayya, amma yana da iyaka. In ba ka da tumbi, ba ka da lambobi, kana iya cewa ba da kai ake ba. Da'irar Lissitzky kuwa fanko ce, duk wanda mai mulki ya ga dama yana iya sakawa a ciki.

Kuma an saka. A farkon 1920 masu cikinta su ne jagororin Farare, Kolchak da Denikin da Wrangel. An harbe Kolchak a Irkutsk a watan Fabrairu, Wrangel ya kwashe ragowar mutanensa ya tsere daga Kirimiya a Nuwamba, dubban da suka tsaya suka miƙa wuya kuma aka bi su aka harbe. Sai a ce ai yaƙi ya ƙare, da'ira ta fashe. A watan Maris na 1921 sojojin ruwa na Kronstadt, waɗanda suka mara wa 'yan Bolshevik, jam'iyyar Lenin mai mulki, baya tun 1917, suka nemi a yi zaɓe na gaskiya a majalisun ma'aikata. Nan take gwamnati ta ce makircin Farare ne, ta aika aka murƙushe su. A shekarar aka yi wa manoman Tambov haka, su da suka tashi don ana ƙwace musu hatsi, har da umarnin a yi musu amfani da iska mai guba. Wanda ya jagoranci ayyukan biyu shi ne Mikhail Tukhachevsky, kwamandan fagen daga na yamma a 1920, fagen da sashen farfagandarsa ya buga fastar. A watan Yuni na 1937 shi ma aka harbe shi da sunan maci amana. Jan tsinin bai taɓa rasa farar da'ira ba, in ta ƙare sai a zana wata.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce takarda ba ta harbi kowa ba. 'Yan sandan ciki na Cheka ba su jira alwatika ba kafin su fara aikinsu, an ayyana mulkin ta'addanci a hukumance tun Satumbar 1918. Za a ce ma sojan ƙauye da bai iya karatu ba da wuya ya gane abin da da'ira da tsini ke nufi, Lenin kansa bai ƙaunaci irin wannan sabon zane ba. Duk na yarda. Ban ce fastar ce ta jawo Kronstadt ba. Abin da na ce shi ne ta kama wani salon tunani ta nuna shi tsirara fiye da kowane jawabi: al'umma tamkar taswira ce a kan teburin injiniya, mutane siffofi ne, wannan siffa ta tsaya a hanya, a kawar da ita. Lissitzky bai ɓoye cewa haka yake kallon aikinsa ba. Zane-zanen da ya sa wa suna Proun ya ɗauke su ne a matsayin zango tsakanin zane da gini, matakin farko na gina sabuwar duniya daga tushe. Mai irin wannan buri in ya haɗu da gwamnati mai irin wannan buri, ba a tilasta masa, shi yake kai kansa.

Shekarunsa na Turai ba sai an daɗe a kansu ba, ko da yake a nan ya yi suna. Ya isa Berlin a ƙarshen 1921, ya fitar da mujalla tare da marubuci Ilya Ehrenburg, ya tsara littafin waƙoƙin Mayakovsky a 1923 da 'yan tsagogi a gefen shafi don mai karantawa a bainar jama'a ya samu waƙar da yake nema da ɗan yatsa. A shekarar aka buga masa kundaye biyu na bugun dutse a Hanover, ɗaya ta hannun ƙungiyar masu son zane ta Kestner, a can kuma ya haɗu da Sophie Küppers, wadda mijinta, shugaban ƙungiyar, ya rasu. Sai tarin fuka ya kwantar da shi. A 1924 yana jinya a Suwizalan, kuɗin magani kuwa daga zanen tallan tawadar Pelikan yake samu. Wannan ya kan ba ni dariya: mai jan tsini yana tallata wa 'yan jari-hujja tawada, kuma tallan ya yi kyau. A 1925 ya koma Mosko. A 1927 ya auri Sophie, ta bar Jamus ta bi shi. A 1928 ya tsara rumfar Tarayyar Sobiyet a baje kolin 'yan jarida na Kolon, Turawa suka yi ta mamaki. Daga nan ya zama amintaccen mai nuna wa duniya fuskar gwamnatin.

Wannan Lissitzky na biyu shi ne ba zan iya wankewa ba. A Afrilun 1932 jam'iyya ta rushe duk ƙungiyoyin masu zane da marubuta masu zaman kansu, zanen da'ira da murabba'i ya zama abin tuhuma. Shi kuwa bai rasa aiki ba. Shi da Sophie suka shiga tsara wata mujalla mai suna Tarayyar Sobiyet a Kan Gini, wadda ake bugawa da Rashanci da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, a kan takarda mai tsada, da shafuka masu naɗewa, don baƙi su gani su yaba. Fitowar Oktoban 1932 da ya tsara a kan madatsar ruwan Dnieper ce: injina, fitilu, ma'aikata suna murmushi. Madatsar tana Yukren. A wannan kaka da hunturun da ya biyo baya yunwar da manufofin gwamnati suka haddasa ta kashe miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan, wasu a ƙauyukan da ba su da nisa da fitilun. A 1937 ya tsara babbar fitowa a kan sabon tsarin mulkin Stalin, mai alkawarin 'yancin magana da na taro. Tsakanin 1937 da 1938 an harbe sama da mutum 680,000 bisa lissafin hukumar da ta yi harbin.

Waɗanda abin ya ci ba baƙi ba ne a wurinsa. Vera Ermolaeva, wadda suka kafa UNOVIS tare, wadda ta riƙe makarantar Vitebsk bayan Chagall, mace ce mai tafiya da sanduna tun ƙuruciya. An kama ta a Disambar 1934, aka harbe ta a 1937 a wani sansanin gwale-gwale kusa da Karaganda. Gustav Klutsis, abokin sana'arsa, wanda ya zana wa Stalin fastocin da suka fi kowane fito da shi, an harbe shi a Butovo a Fabrairun 1938, iyalinsa ba su san gaskiyar ba sai bayan shekara 50. Malevich ya sha tsare a 1930, ya rasu a 1935. Mayakovsky ya harbe kansa a 1930. Meyerhold, mai shirya wasan kwaikwayo wanda Lissitzky ya tsara wa dandali, an harbe shi a 1940. Duk wannan yana faruwa mujalla tana fita a kan kari.

Masu kare shi suna da uzuri uku, kuma ba na raina ko ɗaya. Ba shi da lafiya, huhunsa ya lalace. Yana da ƙaramin ɗa da aka haifa a 1930, da mata Bajamushiya a lokacin da zama baƙo kaɗai ke kai mutum gidan yari. Ƙin aiki kuma a wancan zamani yana iya zama sa hannu a takardar mutuwa. Ban san wanda zai bugi ƙirji ya ce da shi ne da ya ƙi ba, ni dai ba zan buga ba. Amma tsoro yana bayyana dalilin da mutum ya yi aiki, ba ya bayyana dalilin da ya zuba duk basirarsa a ciki. Vladimir Tatlin, wanda sunansa bai gaza na Lissitzky ba a 1920, ya ja jiki ya koma zanen dandalin wasa da furanni, ya rayu har 1953. Hanyar yin shiru tana nan, ko da ƙunci. Shafukan Lissitzky kuwa ba aikin mai neman tsira da ransa ba ne kawai. Ka duba yadda yake haɗa hotuna, yadda shafi ke buɗewa ya ninka girmansa daidai lokacin da ido ke neman ƙari, za ka san mutumin yana jin daɗin abin da yake yi. Ƙaryar da gwani ya tsara ta fi ta ɗan koyo nisan tafiya, saboda haka alhakinta ma ya fi nauyi.

Mu ma mun san wannan muhawara, ba sai an fassara mana ita ba. Duk lokacin zaɓe sai an tambayi mawaƙin siyasa yadda ya wasa wanda kowa ya san ɓarnarsa, amsar kuma ɗaya ce: sana'a ce, wanda ya biya shi ake yi wa. Amsar tana da gaskiyarta ga mai neman abin sawa a tukunya. Tana raguwa ne gwargwadon yadda muryar mutum ta kai nesa, domin wanda waƙarsa ke juya zukatan jama'a ba zai ce shi ɗan ƙwadago ne kurum ba.

Aikinsa na ƙarshe ma fastar yaƙi ce, ta 1941, tana kiran ma'aikata su ƙara ƙera tankoki don a kori sojojin Hitler. A wannan kam babu mai ja da shi. Ya rasu a Mosko ranar 30 ga Disamba 1941, yana da shekara 51, tarin fuka ya yi ajalinsa a kan gadonsa, abin da abokansa da yawa ba su samu ba. A 1944 hukumomin da ya yi wa hidima shekara da shekaru suka kori matarsa da ɗansu zuwa Novosibirsk a Saiberiya, laifinta shi ne ita Bajamushiya ce. A can ta ƙare rayuwarta, ta rasu a 1978. Daga can ne ta tattara wasiƙunsa da tarihinsa aka buga a Dresden a 1967, wanda shi ne ginshiƙin yawancin abin da aka sani game da shi. Da'irar ta zo har cikin gidansa ke nan.

To me za a yi da fastar? Tun da Rasha ta mamaye Yukren a 2022 akwai masu ganin a sauke duk abin da ke da sunan Rasha daga bango. Ban goyi bayan wannan ba, musamman a nan. Vitebsk a Belarus take, Malevich haifaffen Kiev ne daga iyaye 'yan asalin Polan, Klutsis ɗan Latbiya ne, Lissitzky kuma da littattafan Yiddish ya fara. Kuma an taɓa gwada saukewa: 'yan Nazi ne suka rushe ɗakin baje zane da ya tsara a gidan tarihin Hanover, a 1937, lokacin da suke farautar abin da suka kira gurɓataccen zane. Wanda ya ɓoye fastar ya hana ɗalibi ganin yadda ake yi wa kisa kwalliya, darasin da ya fi buƙata a zamanin da kowa ke tsara hoto a wayarsa.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne na ɗaya gefen, masu rataye ta da ɗan rubutu layi uku a ƙasa: sunan mai zane, shekara, sai yabon yadda ya sarrafa fili da launi. A 1985 wasu mawaƙan Ingila masu goyon bayan jam'iyyar Leba suka sa wa ƙungiyarsu sunan Jan Tsini don jawo matasa su yi zaɓe. Niyyarsu mai kyau ce, amma ka ga yadda abin ya koma: alamar yaƙin da ya binne zaɓe a Rasha na tsawon shekara 70 ta zama alamar kiran zaɓe. Lissitzky na 1920 yana da uzurin rashin sanin gobe, na 1937 yana da uzurin tsoro. Mai gidan adana zane a yau ya san goben, babu kuma mai ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare. Abin da nake nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba: ya rubuta a gefen fastar wanda ya ba da aikin, da abin da ake nufi da duka, da sunayen Ermolaeva da Klutsis da Sophie, da shekarun da aka saka kowannensu a cikin da'irar.

An ma taɓa yin irin haka a kan wani zane na wannan gida. Da Sophie za ta tafi Mosko ta bar wa gidan tarihin Hanover aron zane-zanenta, 'yan Nazi suka ƙwace su a 1937. Ɗaya daga ciki, na Paul Klee, an rataye shi a baje kolin gurɓataccen zane na Munich don a yi masa dariya, ya bi hannu-hannu, a 1982 birnin Munich da wata gidauniya suka saye shi suka ajiye a gidan Lenbachhaus. Ɗanta ya shiga kotu, shari'a ta ci fiye da shekara 20, sai a 2017 aka sasanta: zanen ya zauna a Munich, aka biya magada, aka kuma yarda a bayyana wa masu kallo tarihin yadda ya zo wurin. Wancan bayani sai da lauyoyi suka ƙwato shi, shekara 39 bayan rasuwar Sophie, mai shi ta asali, a Saiberiya. Na gefen jan tsini babu magajin da zai kai ƙara a kansa, yana hannun masu gidajen ne su rubuta ko su ƙi.